Motar Paappa Aulis da Dardumar Kicin

A gidanmu ba a jefar da tufa. In riga ta mutu, sai mai ita ya ɗora ta a kan bencin da ke gaban masaƙar kakata, Mumma Terttu, ya wuce abinsa ba tare da ya ce komai ba. Ita kuma ta yanka ta siri-siri, ta dunƙule, in sanyi ya kulle mutane a ɗaka ta saƙa dardumar tsumma da ita. Shi ya sa tarihin danginmu duk a ƙasa yake shimfiɗe, muna taka shi safe da yamma. Shuɗin layin da ke bakin ƙofa wandon aikin mahaifin kakana ne. Mai ɗigon ja ɗin nan na ƙasan taga rigar da mahaifiyata ta fara zuwa makaranta da ita ce. Tun ina ƙarama nake kwanciya rub da ciki ina tambaya, Mumma tana amsa mini, har na haddace su. Yau in gardama ta tashi a dangi kan wane ne ya sa me a bikin wane, ni ake kira a waya a ce, "Helka, raba mu."

Darduma ɗaya ce ta gagare ni, doguwar nan ta kicin. Layukanta ruwan goro da fari ne, suna sheƙi kamar an jiƙa su, kuma santsi gare su a tafin ƙafa. Duk sanda na tambaya sai Mumma ta ce wani yadi ne kawai, ta juya wajen tukunyar dankali.

Kakana, Paappa Aulis, a gidan nan aka haife shi, shi ne auta. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti, mutum yana iya hango baƙonsa tun kofi bai hau wuta ba. Akwai wani titi miƙaƙƙe da ya ratsa gonaki a bayan ƙauye, wanda sojoji kan rufe lokaci-lokaci su koyi saukar da jirage a kansa. Paappa ya ce yana yaro ya taɓa kwanciya a cikin kwatar gefen gonar hatsi, jirgi ya taso ta kansa, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin cikinsa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ɗan lokacin nan kafin tayoyin su rabu da titi. Tashin kansa bai dame shi ba. Ya ce shi bai taɓa son barin ƙasar nan ba, so yake ya ratsa ta da irin wancan gudun, ko sau ɗaya.

Ya girma ya zama mai gyaran injinan girbi da na busar da hatsi. Lokacin girbi ba a ganinsa a gida sai da ƙaiƙayi a gira. Ba mai magana ba ne, kuma ya dace da mace irinsa. Yadda suka fara, kekenta ne sarƙa ta tsinke a bakin coci, ya ɗauke shi ya gyara, ya jingine a ƙofar gidansu ya tafi. Bayan mako ya tarar da safar hannu ta ulu a rataye a ƙofar shagonsa. Haka suka ci gaba da zance har aure, haka kuma suka zauna. In Paappa ya fito da takalmansa masu kyau ya ajiye a bakin ƙofa, gobe za a je gari ke nan. In Mumma ta ɗora masa kofinsa a kan taga maimakon tebur, ya san ya yi laifi. Mu yara mun tashi muna karanta gidan kamar yadda ake karanta sama kafin ruwa.

Mahaifiyata tana budurwa aka kawo wani inji gidan. Na wani tsohon jirgin soja ne da aka sallama a kayan bola, doguwar ganga mai farfela jere-jere a ciki, tana zuƙar iska ta gaba, ta ƙona kananzir, ta feso wuta ta baya. Sai da aka kira gayya kafin a sauke shi a tsohon garken shanu da Paappa ya mayar gareji. Maƙwabcinmu Veikko, mai kiwon aladu, wanda bakinsa ya ishi ƙauyen duka, ya zagaya injin yana taɓa haɓa, ya tambayi Paappa ko hatsin lardin gaba ɗaya zai busar a yini guda. Paappa ya ce motar tsere zai gina. Veikko ya ce to ya faɗa masa ranar tashi, don ya kwashe aladunsa kada su gasu ba gishiri.

A irin wannan tseren ba a zagaye. Motoci biyu ne ke jerawa a kan miƙaƙƙen titi da bai kai rabin kilomita ba, fitila ta yi kore, kafin ka haɗiye yawu an gama. Motar da ke da injin jirgi kuwa ba tayoyinta ke jan ta ba, iska ce ke tura ta, kuma birki kaɗai ba ya tsayar da ita. Sai an saki laima ta baya, irin ta masu dirowa daga sama, ta buɗe ta riƙe ta.

Shekara da shekaru Paappa yana gini, a lokacin sanyi, sanda injinan girbi ke barci. Bai kwaikwayi motar kowa ba. Ya bubbuga farin ƙarfe da guduma a kan kututturen itace har jikin ya fito sumul kamar ɗigon ruwa da aka ja shi ya yi tsawo, hanci siriri yana kusan taɓa ƙasa, baya da fiffike ɗaya a tsaye. Rufin gilashin mazaunin direba daga wani jirgi marar inji ya ciro shi. Ba ka ganin ƙusa ko ɗaya a jikinta. In rana ta shigo ta tagar garejin, gonaki da gajimare sukan kwanta a kanta a lanƙwashe, ka rasa inda motar ta ƙare. Ya sa mata suna Kuovi, sunan tsuntsun nan mai dogon baki da ke dawowa gonakinmu in ƙanƙara ta narke, kukansa yana hawa yana hawa. Mutane sukan ce kamar daga wata shekara da ba ta zo ba tukuna aka aiko ta, ta yi ɓatan hanya ta faɗo garken shanu.

Abin da na fara tunawa a rayuwata ke nan: an turo Kuovi tsakar gida, an ɗaure ta da sarƙa a jikin babban dutsen da ke bayan sauna, ɗakin wankan tururi, Mumma ta toshe mini kunnuwa da tafukanta masu warin sabulu. Injin ya fara da fito siriri, ya yi ta hawa har na daina jin sa a kunne, na koma jin sa a haƙora. Dusar ƙanƙarar da ke bayanta ta narke ta zama tururi, ciyawar bara ta bayyana a tsakiyar fari kamar an buɗe ƙofa zuwa bazara. Na ɗaga kai na ga Mumma tana murmushi.

Daga shekarar da na shiga firamare ba a sake tayar da injin ba. Paappa ya rufe motar da tamfol. Duk Asabar kafin ya shiga sauna yakan yaye shi, ya goge ta da tsumma, ya juya farfelar da yatsa don kada ta ci tsatsa, ya mayar. Duk shekara kuma yana zuwa likita ya sabunta takardar lafiyarsa ta masu tsere, shi da bai taɓa hawa layin tsere ba. In an tambaye shi sai ya ce saura kaɗan. Veikko yakan leƙo ya ce, "Aulis, kazar nan taka har yanzu kwanci take yi? Ƙwan ya ruɓe, tsoho." Paappa ya ce masa ya je ya ji da aladunsa, su ne sa'o'insa a hira.

Bazarar da na gama sakandare aka yanke shawara. Gwiwoyin Mumma ba sa iya matakala, idanun Paappa sun fara hazo, likita ya ce wannan ce takarda ta ƙarshe da zai sa wa hannu. Bayan girbi za su koma wani ɗan gida a birnin Seinäjoki, kawuna ya karɓi gona, kuma yana buƙatar garejin don tarakta. Wani mutum ya zo ya duba Kuovi, ya ce injin yake so, jikin sai dai a yanka a kai bola. Paappa ya gyaɗa kai. Da yamma na gan shi ta taga, zaune a kan bokiti kusa da motar, hannunsa a kan hancinta.

A watan Yuli muka kwashe dardumai zuwa bakin kogi, kamar kowace shekara, ni da Mumma. Akwai dandamalin katako da matan ƙauye ke wanki a kai. Muka shimfiɗa, muka goga sabulu, muka bi da buroshi layi-layi. Rana ta yi laushi, ruwan yana tafiya a hankali da gajimare a cikinsa. Da muka zo kan ta kicin, ruwa ya ƙi zama a jikinta, yana gangarewa kamar a bayan agwagwa. Na ce, "Mumma, za ku tashi, kuma wannan kaɗai ce ban sani ba. In wani ya tambaye ni me zan ce?"

Ta daɗe tana goga wuri ɗaya. Sannan ta ce laimar Kuovi ce.

Ta ba ni labarin tana kallon buroshi. Wata safiya ta shiga ɗakin saƙa ta tarar da buhu a kan benci, ta buɗe ta ga laimar, wadda Paappa ya yi wata da watanni yana jiran isowarta daga ƙetare. A kan benci, inda ake ajiye abin yanka. Ta ce sai ta zauna a ƙasa. Ta gane mutumin ya haƙura ke nan, ya ga shekaru sun ja, ko tsoro ya shige shi, kuma ba zai iya faɗa da baki ba. Ta yi kukanta ita kaɗai. Daga nan ta ce tunda ya ba ta, ba za ta bar abin ya tafi a banza ba, za ta saƙa masa darduma mafi kyau da ta taɓa yi, ta shimfiɗa inda yake shan kofi, ya riƙa ganin wani abu na mafarkinsa a cikin gida. Yadin ya dakushe mata almakashi biyu. Ranar da ta shimfiɗa, ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, ya kalla, ya cire takalmi, ya taka ya zauna. Bai ce komai ba, ita ma ba ta ce ba, don kada ta fama masa ciwo.

Na bar ta tana shanya dardumai a kan ƙarfe, na tafi gareji da hannuwana a jiƙe. Na tambayi Paappa me ya hana Kuovi fita. Ya fara cewa saura kaɗan, na ce Mumma ta gaya mini na dardumar. Sai ya ajiye tsumman hannunsa.

Ya ce a wajen masu wannan tseren, direba ba ya son naɗe laimarsa da kansa, yakan ba wanda ya fi yarda da shi. Shi kuma bai san hannun da ya kai na Terttu a kan yadi ba. Motar ta gama haɗuwa a wancan makon, sai ya kai mata laimar don ta duba ɗinkin ta naɗe masa. Teburin ɗakin cike yake da zare, ya ɗora a inda ya ga wuri. Da ya ga dardumar a kicin ya ji amsarta: ba ta yarda ba, ba ta son zama gwauruwa. Kuma ta faɗa masa ta hanya mafi kyau da mace za ta iya. Zai iya sayen wata laimar, amma ya ce me zai yi da gudun da aka hana shi da irin wannan ladabi.

Da la'asar muka zauna shan kofi, su biyu da ni, ƙasan kicin tsirara don dardumar tana bakin kogi. Mumma ta yanka burodi mai zaƙi. Na ajiye kofina na faɗi abin da kowannensu ya gaya mini, ɗaya bayan ɗaya, ban ƙara ba ban rage ba. Paappa yana kallon katakon ƙasa, Mumma tana kallon Paappa.

"Naɗewa," in ji ta a hankali. "Aulis, bakinka ciwo yake yi a ranar?"

"Naki fa, da kika ɗauki almakashi?"

"A kan benci ka ajiye."

"Teburin a cike yake."

"Shekara nawa kana taka ta, tsohon kurma, ko sau ɗaya ba ka ce mini don me ba."

"Ta yi kyau ne," in ji shi. "Ban ga wurin tambaya ba."

Mumma ta tashi ta tsaya a taga, bayanta gare mu, kafaɗunta suna motsi, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Ba ta juyo ba ta ce, "Ni fa tun ranar da ka ɗaure ta a dutsen can nake so in ga an kwance sarƙar."

Labari ya isa gidan Veikko kafin kofin ya huce, ban san ta yaya ba. Washegari ya zo da mutane, aka sake gayya kamar ta ranar sauke injin, sai dai yanzu duk kawunan sun yi fari. Tayoyi sun bushe, aka canza. Aka wanke hanyoyin mai, aka sake bel ɗin ɗaure direba. Wata matashiya mai tsere, Outi, wadda ta taɓa jin labarin Kuovi a bakin mahaifinta ta ɗauka tatsuniya ce, ta zo da laimarta shuɗiya aro. Paappa ya rungumo laimar zai shiga gida, Veikko ya ƙwala masa kira daga ƙarƙashin mota: "Kai, wannan karon ka haɗa da baki, kada yarinyar mutane ta koma gida da darduma!"

Outi ta shimfiɗa laimar a kan ciyawa ta nuna wa Mumma yadda ake naɗe ta sau ɗaya. Mumma ta warware ta sake naɗewa da kanta, tana bin igiyoyin da yatsa ɗaya-ɗaya kamar zaren masaƙa, ta ce zanin gado mai roba ya fi wannan wuyar naɗi.

Ranar gwaji ce a filin tseren da ke bayan gari, tsohon wurin saukar jirage, ƙarshen watan Agusta. Masu duba motoci suka daɗe a kan Kuovi, suna leƙe suna shafa, ɗayansu ya manta da aikinsa ya tsaya yana kallon fuskarsa a jikinta. Suka ce tunda ba ta taɓa gudu ba, shi kaɗai zai tafi ba abokin karawa, kuma kada ya buɗe mata wuta duka. Paappa ya ce to. Mumma ta cusa laimar a jakarta ta bayan mota da hannunta, ta daki jakar sau biyu kamar yadda take yi wa burodi, ta ce ita ba za ta zauna wajen 'yan kallo ba. Muka bi motar da ke janyo masu tsere zuwa can ƙarshen titi, inda babu kowa sai hatsi da ya nuna.

Daga can komai ƙarami ne. Hazon safe bai gama tashi daga gonaki ba. Muka hango ɗan haske fari a farkon titin, iskar bayansa tana rawa, har bishiyoyin da ke nesa suka narke kamar an zuba musu ruwa. Wutar muka fara gani, shiru, sannan fiton ya iso, yana hawa kamar kukan tsuntsun da aka sa mata sunansa. Mumma ta kama hannuna. Hasken bai yi kamar yana tafiya ba, girma kawai yake yi, da sama a kwance a bayansa da hatsi a gefensa, tayoyin ba sa ganuwa, kamar wani yanki na safiyar ne ya ɓalle ya nufo mu. Na ji ƙasa tana motsi a tafin ƙafata, na tuna yaron da ke kwance a kwata. Sai shuɗin laimar ya buɗe a bayanta, zagayayye, cikakke, ba ko lanƙwasa ɗaya. Ƙarar ta mutu. Kuovi ta gangaro a hankali ta tsaya kusa da mu, ƙarfenta yana ƙas-ƙas yana hucewa.

Paappa bai fito da wuri ba. Da aka ɗaga gilashin ya cire hular kwano, gashinsa a jiƙe, idanunsa suna kallon wani wuri da ba mu gani. Mumma ta sunkuya ta tambaye shi yaya.

"Gajere ne," in ji shi. Sannan ya ce, "Da ta buɗe, na ji kamar kin kama ni ta bayan riga."

"Ni ce mana," in ji Mumma, ta juya ta fara tattara igiyoyin daga kan titi kada su yi datti.

Motoci da yawa sun fi ta gudu a ranar, ba wanda ya damu. Ba a yanka Kuovi ba. Outi ta roƙa, Paappa ya ba ta, da sharaɗin ta bar sunan. An ce za a sake mazaunin daidai jikinta.

Mako na ƙarshe kafin su tashi, ina ɗakin saƙa muna kwance masaƙa da Mumma, Paappa ya shigo da rigar tserensa mai hana wuta, wadda ya sa sau ɗaya. Ya ɗora ta a kan benci, ya juya zai fita, sai ya tsaya a ƙofa ya gyara murya.

"Wannan ta yanka ce," in ji shi.

Mumma ta murza yadin tsakanin yatsunta, ta ce zai ci mata almakashi, ya saya mata sabo tukuna. Ya ce ya ji.

Kicin ɗinsu na Seinäjoki ƙarami ne, dardumar ta fi shi tsawo, sai da aka naɗe ƙarshenta a ƙarƙashin tebur. In na je, nakan tarar da Paappa zaune da kofinsa, safa a ƙafa, yana goga tafinsa a hankali a kan layukan ruwan goro, rana tana sheƙi a kansu.